Ofishin takardun Faransa da ke unguwar Nima a Accra: yadda muka kwashe da shi

Tun da maganar raba ƙanena da aikinsa a Faransa ta warware, mata ke tsayar da ni a kasuwa suna tambaya: Hajiya, wannan Alhajin da kuka je wurinsa, da gaske ya san aikin, ko irin waɗanda ke karɓar kuɗinka ne su ce ka dawo jibi? Bakin shago ba wurin dogon bayani ba ne, ga masu sayen atamfa na jira. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk mai ɗan'uwa a Faransa ya karanta ya yi wa kansa hukunci.

Ƙanena shekara 6 ya yi yana aikin share-share da goge-goge a wani kamfani a gefen Paris. Aikin dindindin ne, wanda suke kira CDI, ba na ƙayyadadden lokaci ba. A farkon Maris na 2024 jikin Baba ya yi tsanani, ya ɗauki hutunsa na mako huɗu ya taho. Allah ya karɓi ran Baba cikin azumi, saura kwanaki kaɗan hutun ya ƙare. Ranar sadakar uku shi ma zazzaɓi ya kayar da shi, aka ce taifot ce, ya yi kwana 9 a gadon asibiti, likita ya ƙara masa makonni na hutu. Abin da ya yi kawai shi ne ya aika wa shugaban rukuninsu saƙon murya ta WhatsApp. Mutumin ya amsa da gaisuwar ta'aziyya, shi ke nan. Sai a watan Mayu wani abokin zamansa ya ɗauko hoton wata wasiƙa ya turo: kamfani ya ce ya ɗauke shi a matsayin wanda ya ajiye aiki da kansa.

Ranar ban ga yaron nan ya ci abinci ba. Ya zauna a tsakar gida ya zuba tagumi, Mma na takaba tana kallonsa, ba mai cewa uffan. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Yaya, ni ban ajiye aiki ba, wallahi ban ajiye ba."

Bayan babbar salla wani limamin unguwarmu ya kwatanta mana ofishin. Yana saman wani bene, ba nisa da inda motocin haya na tiroto ke sauke mutane, ƙasansa mai sayar da kayan waya ne. Ɗaki ɗaya ne aka raba biyu da falanki, benci biyu a waje, teburi da kwamfuta da na'urar hoton takardu a ciki, sai wata yarinya mai rubuta sunaye. Mai wurin dattijo ne ɗan Sabon Zango, ya haura shekara 20 yana aiki a wata masana'anta kusa da birnin Liyon na Faransa, ya yi wakilcin ƙungiyar ƙwadago a can, ya yi ritaya ya dawo gida. Aikinsa karanta wa mutane wasiƙun Faransanci, cike fom, rubuta amsa, da nuna wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Muna shiga ƙanena ya durƙusa ya gaishe shi da laƙabin da ake kiran lauyoyi da shi a can. Nan take ya ɗaga hannu. "A'a ɗana, ni ba lauya ba ne, kada ka ɗora mini rawanin da ba nawa ba. Abin da na sani zan gaya maka, inda nawa ya ƙare in tura ka gaba." Wannan kalma ita ta fara kwantar mini da hankali, don kafin shi mun je wurin wani a unguwar Madina ta nan Accra da ya ce shi yana da mutane a ciki, mu kawo kuɗi kawai.

Bai tambayi labari ba tukuna. Cewa ya yi, "Ina takardun albashi?" Allah ya taimake mu, ƙanena mutum ne mai adana, duk zuwan da zai yi sai ya kawo wa Mma takardunsa ta ajiye masa a wani gwangwanin biskit mai murfin shuɗi, tare da takardar filinmu da hotunan aurena. Da gwangwanin muka zo. Alhaji ya juye shi a kan teburi, ya jera takardun wata bayan wata kamar mai jera kati, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa yana bi layi-layi. Ya nuna mini inda aka rubuta awa 151.67, ya ce wannan ita ce awa 35 ta mako idan aka baje ta a wata, dokar da ta fara aiki a shekarar 2000. Ya nuna jimlar kuɗi kafin a cire na asibiti da na fansho, da abin da ke saura bayan an cire. Ya ce mafi ƙarancin albashi, wanda suke kira SMIC, a farkon 2024 yuro 11.65 ne a awa, na ƙanena ya ɗan ɗara haka. Sai ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa kake fita, ƙarfe nawa kake dawowa?" Da yaron ya lissafa masa, sai ga shi yawancin makonni yana yin awa 41 ko 42, ga takarda kuma 35 take nunawa. Alhaji ya ce a dokarsu, in ba wata yarjejeniya ta ce akasin haka ba, awa 8 na farko da suka haura 35 ana biyansu da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, abin da ya wuce nan kashi 50, kuma mutum na iya bin bashin albashinsa har na shekara 3 baya. Mu da muka zo kan maganar kora, sai ga wani haƙƙi da ba mu ma san da shi ba.

Na tambaye shi, to wa zai yarda, tunda ba shaida? Ya ce a maganar awoyi ba a ɗora wa ma'aikaci nauyin duka shi kaɗai. Shi zai kawo lissafi mai ma'ana, rana kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, sannan kamfani ya fito da nasa rikodin ya amsa. Ya sa ƙanena ya buɗe wayarsa, suka bi saƙonnin da shugaban rukuni ke turo masa da asuba, je gini kaza, ƙara hawa na biyar. Kwana uku yaron ya yi yana kwafe su cikin littafin makaranta mai layi.

Sai babbar maganar. Nan ne na ga bambancin wanda ya sani da mai shaci-faɗi. Alhaji ya ce abin da aka yi wa ƙanena sabuwar hanya ce, dokar ta fito a Disamba 2022, ta fara aiki a Afrilu 2023. Idan ma'aikaci ya daina zuwa aiki, mai kamfani zai aika masa wasiƙar rajista, irin wadda sai ka sa hannu a ba ka, ya ce ka kawo dalili ka dawo bakin aiki, ya ba shi aƙalla kwana 15. In wa'adin ya cika shiru, doka ta ɗauka kai ka ajiye aikin. Kwanakin kuma ana fara ƙirga su ne daga ranar da ɗan gidan waya ya fara kawo wasiƙar ƙofarka, ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba. Wasiƙar ƙanena ta je ɗakinsa a can yana nan kwance ana ƙara masa ruwa. Gidan waya ya riƙe ta kwana 15, ya mayar wa mai ita.

Me ya sa kamfani ya fi son wannan hanya? Ya ɗauko farar takarda ya ja layi a tsakiya. A dama ya rubuta abin da korarre ke samu. Kafin a kori mutum a Faransa sai an kira shi ganawa, a ba shi aƙalla kwana 5 na aiki ya shirya, a saurare shi, sannan a jira aƙalla kwana 2 kafin a aika wasiƙar kora, kuma dole dalilin ya zama na gaskiya mai nauyi. Wanda ya wuce shekara 2 yana da wata 2 na sanarwa. Yana da kuɗin sallama, kwatan albashin wata a kan kowace shekara har zuwa shekara 10, wato na ƙanena wata ɗaya da rabi. Yana kuma da tallafin rashin aiki. A hagu, ɓangaren wanda ya ajiye da kansa, bai rubuta komai ba sai kuɗin ragowar hutu. Ya juyo takardar ya tura gabana ya ce, "Hajiya, kin ga abin da ake so a ci."

Amma dokar ta bar ƙofa: rashin lafiya na cikin dalilan da ke karya wannan zato na cewa kai ka ajiye aikin. Kuma a nan bai yi mana daɗin baki ba. Ya kalli ƙanena ya ce, "Laifinka ɗaya, kuma babba ne. Takardar likita ya kamata ta isa hannunsu cikin kwana biyu, ba muryarka ba. Can ƙasar takarda ce. Saƙonka zai taimaka don ya nuna sun san inda kake, amma kada ka ce ka riga ka ci shari'a." Ya kuma gaya mana iyakar abin da za a iya samu. Tun Satumba 2017, da dokokin da ake jingina wa Shugaba Macron, an yi wa diyyar korar zalunci ƙasa da sama, kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da tsarin a Mayu 2022. Mai shekara 6 a kamfanin da ke da ma'aikata 11 ko fiye, daga albashin wata 3 ne zuwa wata 7. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don a Zango da an ji an ce shari'a a Turai sai a fara lissafin gina bene.

Akwai wata kalanda ta wani shagon magani a bangonsa. Ya tashi da jan biro ya zagaye ranar da aka raba yaron da aikin, ya ce daga ranar nan wata 12 kake da su ka kai ƙara kan rabuwar aiki, in suka wuce ko gaskiyarka ta kai hasken rana an rufe. Sannan ya ce kamfani zai aiko takardar da ke cewa an biya ka duk abin da kake bi, kada ka yi gaggawar sa hannu, don in ka sa, wata 6 kawai gare ka ka yi jayayya da kuɗin da aka lissafa a ciki. Ya karɓi katin zaman ƙanena ya juya bayansa, ya ga zai ƙare a Oktoba. Ya ce ana neman sabuntawa ne tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ya ƙare, wato muna ciki ke nan. Ni da jahilcina na ce ai sai a rubuta wa magajin garinsu. Ya ce a'a, Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kowace da magajin garinta, amma nasu shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa, makarantun firamare, da taimakon marasa galihu, har da ba mutum adireshin karɓar wasiƙa in ba shi da tsayayyen wurin zama. Katin zama kuwa yana hannun wakilin gwamnatin tsakiya a kowace gunduma, wanda naɗa shi ake yi ba zaɓe ba. Ya ce da yawa daga cikin mutanenmu a nan suke ɓata watanni, suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Kotun da ke jin irin wannan ƙara ita ce Prud'hommes. Da ya zo kanta sai fuskarsa ta sake, ka san a nan zuciyarsa take. Ya ce a Liyon aka fara kafa ta a 1806, zamanin Napoliyon, don rigingimun masu saƙar siliki, shekara biyu bayan an fito da kundin dokokin zamantakewa na 1804. Masu yanke hukuncin ba alƙalan makaranta ba ne, rabi daga ɓangaren ma'aikata, rabi daga ɓangaren masu kamfani, in sun yi kunnen doki sai a kira alƙali na sosai ya raba. A al'ada ana fara zaman sulhu ne, amma irin maganar ƙanena kai tsaye take zuwa zauren hukunci. Ba dole sai da lauya ba a matakin farko, wakilin ƙungiyar ƙwadago ma yana iya tsaya maka. Ya kwatanta mana da hukumar ƙwadago ta nan Gana da dokar 2003, ya ce mu a nan hutun shekara kwana 15 ne na aiki, su mako 5, rasuwar uwa ko uba kuma kwana 3 doka ta ba su. Kwana 3. Na yi shiru ina tuna yadda gidanmu ya cika har sadakar arba'in. Ba sukar al'adar kowa nake ba, amma yaranmu da ke can suna tsakanin wuta biyu: in ya koma da wuri a ce bai san darajar ubansa ba, in ya zauna gida aikin ya kuɓuce masa.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba, don amana ce in faɗa.

Na farko fassara. Takardun asibiti da ta mutuwar Baba da Turanci suke, kotunan Faransa kuwa da Faransanci suke aiki, Alhaji ya ce tun wata doka ta 1539 haka abin yake. Ofishin ya fassara mana shafi 5 a kan sidi 600. Da takardun suka isa can, wanda ke tsaya wa ƙanena ya ce a sake, a kai wa tafinta mai rantsuwa, irin waɗanda sunansu ke cikin jerin kotun ɗaukaka ƙara, don kada ɗaya ɓangaren ya sami abin kamawa. Aka sake biya da yuro. Na koma na same shi na ce, Alhaji, kai da ka san ƙasar nan ciki da bai, me ya hana ka gaya mini tun farko? Ya ce ya faɗa. Wataƙila ya faɗa a tsakiyar magana, amma ni ban ji an ce mini Hajiya wannan kuɗin za ki sake biyansa ba. Bai yi musu mai tsawo ba, ya mayar mini da rabi ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya, a ranar. Na karɓa, amma har yanzu ina ganin abin da ya kamata a rubuta ne a manna a bango.

Na biyu farashi. Ba a rubuce yake ba. Mun biya sidi 300 a zaman farko, 150 kan kowace wasiƙa, amma sai ka tambayi yarinyar, ita kuma ta leƙa ciki ta tambayo. Ban kama su da cuta ba, sai dai mai ciniki ta san hankali ya fi kwanciya in ka ga kuɗin da idonka kafin ka zauna. Jira kuma sai haƙuri, ba a ba da lokaci, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Ranar da aka yi ruwan nan na Yuni da kwatar Nima ta cika, ga wuta an ɗauke, babu janareta, mun zauna daga ƙarfe tara har bayan azahar ba a buga mana ko shafi ɗaya ba.

Na uku shi ya fi ci mini rai: falankin nan. Bai kai rufi ba. Ina zaune a benci na ji duk sirrin wata baiwar Allah da mijinta ya yi wani aure a Marsai, da na wani tsoho da ke neman fanshonsa. Haka su ma suka ji namu, har albashin ƙanena. A unguwa irin tamu da kowa ya san kakan kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai matan da na sani da suke da matsala ta gaske amma ba za su hau benen nan ba saboda haka.

Duk da waɗannan, in aka ce in sake zaɓa, can zan koma. Shi ya rubuta wasiƙar farko zuwa ga kamfani, shafi ɗaya, ba zagi ba roƙo, ranaku kawai da takardun da ke gaskata su. Shi ya ce wa ƙanena ya koma kafin katinsa ya ƙare, ya nufi ofishin ƙungiyar ƙwadago na garin da yake aiki, don kotun wurin aikin ce ke da hurumi. Ya ba shi jerin abin da zai riƙe a hannu, kowace takarda da lambarta a kusurwa. Yaron ya tashi daga filin jirgin Kotoka a Yuli, ya shigar da ƙara a Satumba. Kamfanin ya nemi a ɗaga zama, aka ɗaga.

Abin da ya sa na ce mutumin nan ba don kuɗi kaɗai yake yi ba ya faru ne a ƙarshen Disamba. Mun riga mun biya, ba ya bin mu ba ma bin sa. Ina rufe shago da magariba sai ga kiransa. "Hajiya, gaya wa ɗana ya duba wasiƙar gargaɗin nan da kamfani ya fara aiko masa da kyau." Ya ce babbar kotun da ke duba dokokin gwamnati ta yanke a ranar 18 ga watan cewa dole wasiƙar gargaɗin ta bayyana wa ma'aikaci abin da zai biyo baya in bai dawo ba kuma bai kawo dalili ba. Aka duba kwafin da kamfani ya miƙa. An ce ya dawo aiki, an sa rana, amma ba a faɗi cewa za a ɗauke shi ya ajiye aiki ba. A Fabrairu 2025 lauyan kamfanin da kansa ya nemi a sasanta. Aka yi yarjejeniya a rubuce, kowa ya sassauta, suka sa hannu. Adadin ba zan faɗa ba, don an sa sharaɗin rufe baki, sai dai kuɗin ƙarin awoyin nan na cikin littafin makaranta sun shiga ciki. Ya sami wani aikin yanzu, ya kuma aiko aka sake wa Mma kwanon ɗakinta kafin damina.

Wanda zai je, ya je Talata ko Laraba da sassafe, Litinin cunkoso ne, Juma'a kuma rabin rana suke yi. Ya tafi da komai: takardar ɗaukar aiki, duk takardun albashi ko sun tsufa, katin zama, da ambulan ɗin wasiƙu, don hatimin ranar da ke jikinsu Alhaji ke fara dubawa. In maganar fassara ta taso, ya tambaya ƙarara ko wadda za a kai kotu ce. Wanda ɗan'uwansa ya yi aiki ba tare da izini ba ma kada ya ji tsoron zuwa, na ji da kunnena yana gaya wa wani cewa doka ta ba irinsa albashinsa da diyyar wata 3 in aka rabu.

Makon jiya na kai masa turmi ɗaya na shadda, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. Na sake yi masa maganar falankin. Ya ce kafinta ya zo ya auna, kuɗin ne bai cika ba tukuna. Na ce masa in an tashi ni zan sayi ƙusa da fenti.